Yadda Maciji Ya Haɗiye Bayajidda a Maruta

A tatsuniya mutum ɗaya ke magana, saura su yi shiru har a kai ƙurunƙus. In Gizo zai faɗa rijiya, ba mai ikon riƙo masa ƙafa. To akwai wani wasa da wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar a 1974, sunansa Dungeons & Dragons, wanda ya karya wannan dokar. Mai ba da labari yana nan, amma masu sauraron su ne mutanen da ke cikin labarin. Kowa zai ɗauki jarumi guda, ya raɗa masa suna, ya ba shi sana'a. Mai labari ya ce, "Ga ku a bakin kogo, kuna jin gurnani daga ciki, me za ku yi?" Wani ya ce zai zare takobi ya shiga, wani ya ce shi zai tsaya gadin takalma. Sai a jefa ɗan lido, ba irin namu mai fuska 6 ba, wannan fuska 20 gare shi. In ya ba ka 20, ka yi abin da za a daɗe ana faɗa. In ya ba ka 1, sai dai a yi wa iyalinka gaisuwa.

Na koyi wasan ne lokacin bautar ƙasa a kudu, wurin wasu samari da ba su da aikin dare sai shi. Da na dawo gida Maruta, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, na taho da 'ya'yan lidon a wata 'yar jaka, da niyyar in wayar wa majalisarmu kai. Majalisar tana zama ne a teburin mai shayi bayan isha'i, kuma shekara da shekaru hirarta ba ta wuce ƙwallon Turai, da farashin taki, da wanda ake zargin zai ƙara aure. Akwai Mai Shayi da kansa, akwai Tela, akwai Ɗan Acaɓa, akwai Ticha, malamin firamare da ba a faɗar shekara a gabansa bai gyara ba, sai wani Bafulatani abokinmu da ke shigowa cajin waya ya zauna har ta cika.

Aikin farko na mai jan labari shi ne ya zaɓi duniyar da za a yi wasan a cikinta: wace ƙasa ce, wane zamani ne, wa ke sarauta, su wa za a yaƙa. A Amurka wannan ba abin ciwon kai ba ne, littattafai ne jibge a kanti, kowanne da taswirarsa da jerin sarakunansa. Akwai Greyhawk ta shi Gygax ɗin, akwai Forgotten Realms, har da wata Al-Qadim da aka fitar a 1992, wadda aka gina a kan irin duniyar Dare Dubu da Ɗaya. Mutum ya saya, ya buɗe, a fara. Duk cikin marubutan nan babu wanda ya taɓa zama da mutanen Maruta.

Na fara da duniyar da aka koya mini, da irin buɗewar da kusan kowa ke yi. Na gyara murya na ce, "Ga ku zaune a gidan giya a wani ƙauye, dusar ƙanƙara tana zuba a waje."

Mai Shayi ya dire butar da ke hannunsa. "A ina?"

"Gidan giya. Amma ba sha kuke yi ba, labari kuke jira."

"To in aka gan ni ina fitowa, wa zai yarda labari na je ji?"

Na mai da su masaukin baƙi. Tela ya tambayi ina ne alƙibla a ƙasar. Ticha ya ce tunda ruwa duk ya daskare, alwala za a yi ko taimama, aka shiga wannan musu har burodi ya ƙare. Da muka zo rabon sana'a kuwa, kowa barde yake so ya zama. A ƙa'idar wasan ana buƙatar matsafi guda da ɓarawo guda, mai buɗe kwado da shiga ta taga. Matsafi dai ba wanda ya ko kalle shi. Ɓarawo na roƙi Tela ya ɗauka, ya ce shi da ake binciken halinsa a gidan da yake neman aure, so nake a ji an ce shi ne ɓarawon majalisa? Abin da ya ƙarasa duniyar shi ne da na gabatar musu da wasu halittu dogaye masu tsinin kunne, mazauna dokar daji, da ke shekara ɗaruruwa ba su tsufa ba, ba a kuma jin takunsu.

Bafulatani ya ce, "Ka ce aljanu mana."

Na ce ba aljanu ba ne, abokai ne, ɗaya ma zai raka su hanya.

Ya zare wayarsa daga caji ya ce, "Ya raka ka."

Sai na ga ai mu ma muna da namu, me zai sa in yi ta aron ƙanƙara? Na ɗauko Daura. Ga sarauniya Daurama, ga rijiyar Kusugu, ga maciji Sarki da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, ga baƙo daga Bagadaza a kan doki. Kowa ya ji daɗi. Tela ya karɓi Bayajidda da hannu biyu, saura suka zama 'yan rakiya. Ticha ya kafa sharaɗi sai an biya ta Gaya maƙera sun ƙera masa wuƙa, domin haka labarin ya zo. Aka biya. Tela ya tsaya yana taya wuƙar nan, yana cewa ƙotarta ba ta da kyau a rage masa, har sai da na ce maƙeran sun ba shi kyauta don su rabu da shi. Da na san abin da wannan cinikin yake nunawa, da tun a nan na naɗe tabarmata.

Suka isa Daura da dare. Tsohuwa ta ce ba ruwa sai Juma'a. Bayajidda ya karɓi guga ya nufi Kusugu, ya zura, maciji ya ɗago kai. Na miƙa wa Tela ɗan lido. Ya hura masa iska, ya girgiza, ya watsa a kan tebur. Ya yi ta juyawa tsakanin gwangwanin madara da kwalin sukari, ya tsaya a kan 1.

Doka doka ce. Na ce wuƙar ta suɓuce ta faɗa rijiya. Na ba shi dama ya jefa na gudu, ya jefa 2. Na ce to, maciji ya haɗiye Bayajidda, takalminsa kaɗai aka tsinta da safe.

Ticha ya cire tabarau ya fara lissafi da yatsu. Babu Bayajidda, babu auren Daurama. Babu aure, babu Bawo. Babu Bawo, babu 'ya'yansa da suka yi sarautar Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. Biram kaɗai ya tsira, don shi tun a hanya aka bar uwarsa 'yar Borno a Garun Gabas, can wajen Haɗeja.

Mai Shayi ya dafe ƙirji. "Wato duk ƙasar Hausa Haɗejawa kaɗai suka rage?"

"Su kaɗai."

"Inna lillahi. A sake jefawa."

Na ƙi. Suka taso mini, wai na shafe su daga doron ƙasa tun ba a haifi kakanninsu ba. Bafulatani ne kaɗai ke dariya, yana cewa su dai ba ruwansu, a lokacin suna Futa suna kiwonsu. Kafin a yi kasuwa biyu yara sun samu labari, in Tela zai wuce sai a ji ana cewa ga wanda ya kashe Hausa Bakwai nan. Gidan surukan nasa ma an tambaye shi.

Daga nan na yanke cewa labarin da kowa ya san ƙarshensa ba ya wasuwa. Ana son zamanin da akwai yaƙi da yawa, amma ba a haddace kowace arangama ba. Kuma ga shi a ƙofar gida: yaƙe-yaƙen Ningi. Wajajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano kan rigimar haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen duwatsun, suka kafa ƙasar da ta hana Kano barci shekaru masu yawa. Kudancin Kano ne ya fi shan hare-harensu, kuma a lokacin Birnin Kudu da Gwaram duk ƙasar Kano ce, tun kafin a yi mafarkin jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, da ya hau a 1855, ya sha fita kansu, ba a kuma rabu da wannan fitina ba har zuwan Turawa. Duk abin da mai jan labari ke nema yana ciki: ganuwa, duwatsu, dawakai, lifidi, kwanton ɓauna, ƙauyen da ke jiran ceto. Na kwana ina zana taswira a bayan kalandar wani ɗan takara.

Na ce, "Ku dakaru ne da aka ajiye tsaron wani gari a nan yankin. Da asuba mai gadi ya hango ƙura daga kudu. Ga mugaye nan, Ningawa."

Ɗan Acaɓa ya ce, "Su wa ka ce?"

Ashe mahaifiyarsa 'yar Ningi ce. Duk majalisar an sani, har da ni, amma wa ke tuna dangin uwar mutum yana cikin zana taswira? Ya miƙe tsaye ya ce mutanen nan malamai ne da suka ƙi zalunci, in ana neman mugaye a duba masu karɓar harajin. Tela ya ce to malaman ne suka ɗauke kakar kakarsa daga gona ba a sake ganinta ba? Ɗan Acaɓa ya ce ai shi ma ta haka aka samu kakar tasa kakar, daga wannan ɓangaren aka kai ta can, ƙila ma ita ce. Suka tsaya suna kallon juna, kowa yana tsoron kada ya zama ɗan uwan ɗaya.

Duk wannan da sauƙi. Kawuna yana zama kullum a wani benci gefe da rediyonsa a kunne, ba ya sa mana baki. Ran nan sai muka ji ya kashe rediyo. Ya jawo bencin ya ce, "Ku yara ba ku san komai ba." Ya karɓe labarin daga hannuna, ba ɗan lido ba taswira. Ya faɗi gidan da aka fito da baka, da gidan da aka fito da majajjawa, da wanda ya hau doki ya juya shi ta inda ba yaƙi. Yana faɗa yana nuna unguwa da sanda. Can ya ce akwai wani ƙato da ya ji kururuwa ya faɗa rumbu ya ja murfi, bai fito ba sai da aka yi kwana biyu da watsewa, ya fito fari fat da ƙurar dawa, mata suka ɗauka fatalwa ce suka sake gudu. Muna ta dariya har da riƙe ciki, Ticha ya ce, "Kawu, wane gida ne?"

Kawu ya nuna Mai Shayi da haɓa.

A daren aka daina ba da bashi ga kowa da kowa, aka kuma buɗe tsohon littafi. Da safe wata tsohuwa daga gidan su Mai Shayi ta zo wurin mahaifiyata, suka daɗe a ɗaki. Da ta fita Inna ta kira ni ta ce, "Kai, karatun da aka tura ka ke nan, tonon asirin matattu?" Wani ya shiga rumbu shekara fiye da ɗari da suka wuce, wani ya ba da labari, amma ni aka ɗora wa goro na je ban haƙuri.

Kawu bai bar ni haka ba. Da zai tashi a daren nan ya ɗauki ɗan lidon ya juya shi a hasken fitila ya ce, "Wannan fa?" Na ce na wasa ne, ba kuɗi a ciki. Ya ce duk mai caca haka yake faɗa ranar farko. Aka hana ɗan lido. Ɗan Acaɓa, bayan an shirya, ya kawo wuri daga wurin kakarsa ya ce mu riƙa watsawa muna ƙirga masu buɗe baki. Muna cikin yi wata mata ta tsaya ta durƙusa ta ce, "Malam, ashe ka fara duba? Akuyata ce ta ɓata tun shekaranjiya." Ƙarshenta muka rubuta 1 zuwa 20 a guntayen takarda muka zuba a hular Ticha, shi kuma ya riƙa zama kai ba hula yana ƙorafin sanyi.

Na zauna na yi tunani. In dai kowane zamani akwai kakan wani a ciki, sai in koma baya har inda ba wanda zai ce nasa ne. Wannan ma muna da shi kusa. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin dutse, mafi yawa na shanu, ga kuma duwatsun da in an buga suke ƙara irin ta ƙarfe. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, daga baya gwamnati ta sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa. Mu da ke wucewa ta gefensu a mota ba mu cika tsayawa ba, sai baƙi. Na ce to ku ne mutanen da suka yi zanen nan, ba sarki ba haraji, daga ku sai shanunku, kuma wani abu yana fitowa daga kogo da dare yana ɗauke su ɗaya-ɗaya.

Bafulatani ya gyara zama, karo na farko da ya bar wayarsa ta cika bai tashi ba. Ya tambayi launin shanun. Ya tambayi ƙahonsu. Ticha, da ba a tambaye shi ba, ya ce ai shanun zanen ba su da tozo. Bafulatani ya ce wace irin saniya ce ba tozo, yunwa ce ko ciwo? Aka ce haka irinsu yake. Ya ce to shi ba zai fita cikin dare ya yi faɗa da dodo a kan irin waɗannan ba, a bar masa ya ci.

Mai Shayi kuma tun ɗazu yana shiru. Can ya ce, "Tsaya. A lokacin nan Musulunci ya iso?"

Ticha ya ce da wuya.

"Wato mu arna ne ke nan."

Na ce wasa ne. Ya ce in ajalinsa ya zo yana tsakiyar wasan fa? An sa shi gidan giya, an sa kakansa rumbu, yanzu kuma za a raba shi da imaninsa a kan teburinsa, da madararsa.

Jangare, birnin iskoki da 'yan bori ke faɗa, ba ta ko kai ga taswira ba. Ina ambatar sunan wata kyanwa ta ture murfin tukunya a bayanmu, kafin in waiwaya daga ni sai hular Ticha.

Shi Ticha ne ya kawo mafita da ya dawo karɓar hularsa. Ya ce in duba dabarar Abubakar Imam a Magana Jari Ce, da ta fito a 1937: ya ɗauki sarkinsa da wazirinsa da akunsa ya kai su can wata ƙasa ta gabas, inda ba mai dangi, amma ya bar su da rawani da fada da halin mutanenmu. Haka na yi. Na ƙirƙiro ƙasa a gabas, na ba ta sarki adali da ba shi da kaka, da masallacin Juma'a don hankalin Mai Shayi ya kwanta, da shanu masu tozo. Na ɗora dodo a kan wani dutse, na ba shi kogo cike da zinariya da 'yar sarki da ya sace. Ba wanda ya yi gardama. Sarki ya ba kowannensu dinari ɗari ya ce su shiga kasuwa su yi guzuri, gobe su hau dutse.

Da yake ban tanadi kasuwar ba, sai na siffanta musu wadda na sani, kasuwar Sara ta nan ƙasar Gwaram: ga layin 'yan hatsi, ga kara inda ake cinikin dabbobi, ga dillalai, ga masu awo. Na ce ga mai jaki nan, yana son dinari goma.

Tela ya ce, "Goma? Buɗe bakinsa in ga haƙora."

Daren nan kaf a kan jakin ya ƙare. Albarka, a ƙara, Allah ya ba da kasuwa, a tafi a dawo. Ni ne mai jaki, ni ne dillali, ni ne mai wucewa da aka kira ya raba gardama. Ba su taɓa jin daɗin wasan nan irin na ranar ba. Zama na gaba Ɗan Acaɓa ya karɓi jakin ya fara ɗaukar fasinja daga ƙofar gari zuwa kara. Bafulatani ya shiga dillancin shanu yana karɓar la'ada ta ɓangare biyu. Tela ya kama rumfa ya samu kwangilar ɗinkin dogarai. Mai Shayi ya zaro 20 daga hula a gaban sarki, aka naɗa shi Sarkin Kasuwa, tun daga ranar kuma ba ya amsa gaisuwa a majalisa sai an ce ranka ya daɗe.

Na tuna musu da 'yar sarki. Suka ce tana cin abinci? Na ce tana ci. Suka ce to ba gaggawa, a bari a sai da kaya. Na sa dodo ya sauko ya ƙone rumfuna uku don in tsokano su. Sarkin Kasuwa ya kira taro, aka kafa kwamiti, aka tura Ticha ya je ya ji bakinsa. Ticha ya hau dutse, ya leƙa kogo, ya tambaye ni ko yana yoyo da damina. Na ce a'a. Ya tambaya ko ɓera na shiga. Na ce wane ɓera zai shiga gidan dodo? Ya dawo ya ba da rahoto cewa ba a taɓa ganin sito irin wannan ba.

Yanzu haka suna sayen riɗi da zoɓorodo da kaka suna ɓoyewa a kogon sai ya yi tsada. 'Yar sarki ce ke riƙe littafin shige da fice, ta ce ba za ta koma fada ba don a nan tana da kason riba. Dodo shi ne maigadi. Yana bin su albashin wata uku, ya aiko ni in yi magana, Sarkin Kasuwa ya ce a faɗa masa kaya ba su fita ba tukuna, in kuma ba zai iya haƙuri ba akwai wani dodon a ƙasar da ke gaba da ya ce zai yi a rabin kuɗin.